Fuskar Inna a Rigar Baba

Autan Inna,

Assalamu alaikum. Da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka. Ya aiki, ya haƙuri da zaman nesa? Mu nan sai godiyar Allah. Baban yara yana gaishe ka. Yaran kuma sun ce in tambaye ka ko har yanzu suna da kawu a duniya, don sun fara shakka.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Dogo. Waya ta gagare ni a gidan nan. Da ta yi ƙara sai Baba ya miƙe yana laluben makullin mota, wai an kira shi ɗaukar kaya, sai in ɓata rabin yini ina lallashinsa ya zauna. Shi ya sa na kashe mata murya na jefa ta a durowa. Dogo kuwa tunda motarsa tana bi ta tasharku, kuma har gobe yana ɗaukar kansa yaron motar Baba duk da furfurar da ta cika masa gemu, ba zai ƙi kai mini saƙo ba.

Jikin Baba da sauƙi. Yana cin abinci, kumburin ƙafar ma ya sauka. Mantuwar ce dai kullum gaba take yi. Jiya ya tambaye ni 'yar gidan wa ce ni, na faɗa masa, ya ce to in gaida mahaifin nawa, ya san shi, mutumin kirki ne. Na yi dariya a gabansa, na zagaya bayan ɗaki na yi kukana.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka tuna farar rigar nan da ka buga masa lokacin da kake koyon aiki, mai hotonsa shi da Inna a tsaye gaban gingimarinsa? Tunda mantuwar ta yi ƙarfi ba ya yarda ya sa wata riga sai ita. Da safe zai sunkuyar da kai ya dubi ƙirjinsa ya ce, "Fasinja, kin tashi lafiya?" Ka san sunan da yake kiran Inna ke nan tun tana raye, tunda a motarsa ya fara ganinta. Ni ya manta ni, kai ma ya manta ka, amma ita ko kusa. In rigar tana jikinsa zai ci, zai sha magani, a zauna lafiya.

To ka san cin abincin tsoho, miya a gaban riga, shayi a gaban riga. Dole in wanke ta kusan kullum. Yanzu hoton ya fara tsattsagewa, kan motar yana ɓamɓarewa, fuskar Inna ta yi fari-fari. Na buɗe akwatin da muke ajiye hotuna in ɗauko na asalin in aiko maka ka bugo wata, sai na tarar gara ta riga ni. Ko kusurwa ba ta bar mana ba. Na tambayi su Gwaggo, babu mai hoton Inna ko ɗaya, ka san ta da gudun mai hoto. Wannan na jikin rigar shi kaɗai ya rage.

In yana nan a na'urar da ka yi aikin da ita, ka bugo wata ka ba Dogo. In babu, ka faɗa mini yadda zan yi, tunda sana'arka ce.

Yayarka.

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya ƙalau, matata tana gaishe ki da kyau. Ki gaida Baba ko da ba zai san wanda ya aiko gaisuwar ba. Ki gaida baban yara, yaran kuma ki ce musu kawunsu yana nan da ransa, fenti ne kawai ya canza masa launin hannu. Dogo ya kawo takardarki har shago, ya tsaya a kaina sai da na karanta, sai ka ce sammaci ya kawo.

Labarin ba mai daɗi ba ne. Shagon da na koyi aiki an rufe shi da daɗewa. Na nemo tsohon maigidan nawa, ya ce ya sayar da na'urorin, wanda ya saya kuma ya goge duk abin da ke ciki. Ke nan rigar da ke jikin Baba ita ce dukiyarmu, sai mu lallaɓa ta.

Bari in yi miki bayani. Hoton nan ba a cikin zaren rigar yake ba, a samansa yake zaune, wata siririyar fata ce da muka manna da injin zafi. Zafi ne ya manna shi, zafi ne kuma zai ɗaga shi. Don haka ruwan zafi ya haramta daga yau, sai na sanyi. Kafin ki tsoma ta ki juya ta baibai, hoton ya koma ciki, don kada ya gogu da komai. Ki wanke ta ita kaɗai, kada ki haɗa ta da wandunan baban yara masu zif da maɓallan ƙarfe. Sabulu kaɗan, mai laushi, ki narkar da shi a ruwan tukuna. Bilic kuwa ko warinsa kada ta ji. Kada ki jiƙa ta ki tafi wani aiki, kada ki sa mata buroshi, kada ki cuɗa wurin hoton. Ki motsa ta a ruwan a hankali, ki ɗauraye. In kin gama kada ki murɗa ta, murɗawar nan ce ke tsaga hoton. Ki shanya ta a inuwa, a baibai ɗin, don rana tana koɗar da launi. Dutsen guga kuma kada ya hau kan hoton har abada. In dole sai an goge, ta bayan rigar, da ƙyalle a tsakani, dutsen ba zafi sosai.

Na san wankinki, Yaya. Ke ba wanki kike yi ba, yaƙi kike yi da tufafi. Na tuna rigunan makarantata, kafin shekara ta zagayo kin dirje su sun zama rariya. Wannan rigar hannunki ne ke cin ta, gara in faɗa miki gaskiya. In kin bi abin da na rubuta za ta daɗe.

Ƙaninki, Auta.

Malam Shehin Wanki,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Baba yana ɗan tari, kuma za ka ji dalili.

Ashe na yi tsawon rai, na ga ranar da za ka koya mini wanki. Kai da na goya, na wanke maka abin da ba ya faɗuwa a takarda, yau ni ce hannuna ke cin tufafi. Na gode. Da ka tambaye ni dalilin da ya sa nake yin yadda nake yi, da na faɗa maka, amma mai ilimi ba ya tambaya.

Kana tsammanin Baba cire rigar yake yi ya miƙo mini? Sai na jira ya yi wanka ya kwanta barcin rana, sannan in sato ta daga ƙarƙashin matashinsa. Daga lokacin zuwa ya buɗe ido, dole ta wanku, ta bushe, ta koma inda ya ajiye ta. Shi ya sa nake sa ruwan zafi don maiƙon miya ya fita da wuri, in murɗe ta iya ƙarfina, in baza ta a rana tsaka, in bi ta da dutsen guga don sauran danshin ya tafi. Ba don ban san laushi ba ne.

Amma dai na ce bari in bi maganar masana. Na juya ta baibai, na yi mata wanka da ruwan sanyi kamar jaririya, na rataye ta a inuwar baranda tana ɗiga. Baba ya farka, ya laluba bai ji ta ba. Auta, ban taɓa jin mahaifinmu ya yi irin wannan ihun ba. Cewa yake an tashi an bar Fasinja a tasha, a juya mota. Da na nuna masa rigar a igiya bai gane ta ba, tunda hoton yana ciki. Sai da na juyo ta. Ya fizge ta ya sa a jiƙe, ya ƙi cirewa har ta bushe a jikinsa. Tarin ke nan.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai kana can tsakanin injina, riga a wurinka riga ce, ka shimfiɗa ta a tebur ta jira ka. Ni tawa da mutum a cikinta. Ni ke ɗaga shi, ni ke zaunar da shi, ni yake cewa in gaida mahaifina. Ban taɓa yi maka gori ba, yanzu ma ba gori nake yi ba. Amma raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Yayarka, mai cin tufafi.

Yayata, Innata ta biyu,

Na durƙusa, a yafe mini. Na karanta takardarki a tsaye, na sake karantawa a zaune, kunya ta rufe ni. Da wasa na yi maganar rariyar nan, na manta takarda ba ta ɗaukar dariyar mutum ta kai. Ya tarin Baba? Don Allah a kai shi ya ga likita in bai lafa ba.

Ga dabarar bushewa ba tare da murɗa ba. In kin ɗauraye, ki shimfiɗa rigar a kan busasshen tawul babba, ki naɗe su tare kamar tabarma, ki danna da tafin hannu. Tawul zai shanye ruwan. Ki sake da wani busasshen, sannan ki rataye ta a gaban fanka. Kafin ya farka ta bushe, in Allah ya yarda. In kuma tabon miya ɗaya ne a gefen wuya, ba sai an wanke ta duka ba, ki goge wurin kawai da jiƙaƙƙen ƙyalle da ɗan sabulu.

Sai wata shawara. Ki fito da wayar nan daga durowa, ki shimfiɗa rigar inda haske yake, ki ɗauki hotonta ki turo mini. Zan zauna a na'ura in cike tsagogin, in gyara inda ya koɗe, in buga a sabuwar riga iri ɗaya. Baba ya sa sabuwar, a wanke ta yadda aka ga dama, in ta mutu in bugo wata. Tsohuwar kuma ki naɗe ta ki ba Dogo, in sa ta a firam bayan gilashi inda ruwa ba zai sake taɓa ta ba.

Ba zan ɓoye miki ba, da son kaina a ciki. Matata tana da juna biyu, ke ce ta farko da na faɗa wa. Ina so ranar da abin da za ta haifa ya tambaye ni kakarsa, in sami abin nuna masa. Kuma ni kaina, Yaya, in na rufe ido don in tuna Inna, muryarta ce ke zuwa. Ina jin yadda take kirana daga kicin, amma fuskar ba ta zuwa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, yana ba ni tsoro.

Auta.

Yaya,

Da fatan kuna lafiya. Hoton da kika turo ya zo, na yi aikin, na ba Dogo sabuwar rigar tuntuni. Ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana, babu tsohuwar rigar, babu takarda. Na tambaye shi ko lafiya, sai ya ce in tambayi Yayata, shi direba ne ba alƙali ba. Na kira wayar, tana shiga ba mai ɗauka, tana durowarki ita kaɗai.

In har yanzu fushin maganar wankin ne, ki zage ni a takarda, na fi son haka. In kuma wani abu ne ya sami Baba, kada ki ɓoye mini don kina ganin ina nesa. Shirun nan naki ya hana ni aiki, jiya na buga wa mutane tambarinsu a juye a riguna da dama, sai da maigida ya kore ni gida.

Auta.

Auta,

Muna lafiya, Baba yana nan da ransa, ka kwantar da hankalinka. Allah ya raba matarka da cikin lafiya, na yi murna ƙwarai, kuma ban kyauta ba da ban faɗa maka da wuri ba. Shirun da na yi, tsoron abin da zan rubuta nake yi in na ɗauki biro da zafin zuciya.

Sabuwar rigarka ta iso, ta yi kyau, ba ƙarya. Motar har ƙyalli take yi. Na ajiye masa ita ƙarƙashin matashi, na ɗauke tsohuwar na naɗe a leda na kai wa Dogo tasha, kamar yadda ka ce. Baba ya farka ya sa, ya sunkuya zai yi gaisuwar da ya saba, sai ya fasa. Ya daɗe yana kallo. Can ya ce, "Wannan kuma 'yar wa ce?" Na ce Fasinja ce mana, Baba. Ya ce, "Ke yarinya, ki ji tsoron Allah. Cire mini matar mutane daga ƙirji kafin Fasinja ta shigo ta gani." Ka gyara ta da yawa, Auta. Ka share mata layukan goshi, ka buɗe mata idanu. Kyakkyawar mace ce ka aiko, amma ba Innarmu ba ce.

Na ce zai saba. Bai saba ba. Ya ture abincin rana, ya ture na yamma, ya tofar da magani. Washegari ina ɗauraye kwanuka na juyo ban gan shi ba. Na fita ba ko takalmi. Telan bakin layi ne ya riƙo mini hannunsa, ya tsince shi a bakin babban titi da singileti yana tsayar da motoci, yana tambayar wa ya ga matarsa. Daga nan tasha na wuce a guje. Allah ya taimake ni Dogo bai gama lodi ba, na karɓo ledar daga ƙarƙashin kujerarsa. Da Baba ya sa tsohuwar rigarsa, cewa ya yi, "Ina kika shiga haka?" Sannan ya ce a kawo abinci.

A hanyar tashar nan na tsine wa firam da gilashi, kai ma ban bar ka ba. Gani nake rigar ta fi maka tsohon da ke cikinta. Daga baya na sake karanta takardarka na ga inda ka ce fuskar ba ta zuwa maka, sai na janye tsinuwar.

Dabarar tawul ta yi, wannan na ba ka. Ina bin dokokinka kaf, baibai, ruwan sanyi, ba murɗa, ba rana, ba guga. Motar ta daina ɓamɓarewa, hoton Baba yana nan yadda yake. Amma fuskar Inna tafiya take yi. Wani wuri ne zagayayye kamar kwabo, daidai kumatunta, ya yi sumul har yana sheƙi, kullum kuma faɗi yake ƙarawa. Ban san me kuma zan daina yi ba. In za ka ce hannuna ne, ka faɗa, na gaji da musu.

Yayarka.

Yaya,

Alhamdu lillahi da kuke lafiya. Labarin Baba a bakin titi ya tsaya mini a ƙirji, har yanzu bai sauka ba. Ki yi wa telan godiya a madadina. Maganar firam na janye ta, rigar tana jikin mai ita.

Ba hannunki ba ne. Ki sake karanta wannan layin, don na san ki. Wanki ba ya zaɓen fuska. In ruwa da sabulu ne ke cin hoto, ko'ina suke ci, sun fi kama gefe-gefe da inda riga ke lanƙwashewa, kuma tsagewa yake yi, ba ya yin sumul. Wuri ɗaya zagayayye mai sheƙi, wannan gugar wani abu ce a kai a kai. Muna ganin irinsa a rigunan masu rataya jaka, inda igiyar ke bi, da na direbobi inda bel ke kwanciya.

To me ke gogar wurin nan a jikin Baba? Ki duba hannun kujerarsa, ki duba bakin tebur in yana jingina da shi wajen cin abinci, ko sandarsa in yana rungume ta. Kada ki tambaye shi, ki dai zauna nesa kaɗan ki sa ido. In mun gano abin, sai a kawar da shi, sauran fuskar ta tsira.

Auta.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Baba lafiya, tarin ya tafi. Ya mai jiki biyu?

Na sa ido kamar yadda ka ce. Ba kujera ba ce, ba tebur ba ne.

Bayan ya sha shayin safe na zaunar da shi a kujerarsa ta bakin taga, na koma bakin ƙofa da tiren shinkafa ina tsinta. Ya gaishe ta kamar kullum. Sai ya ɗaga hannun dama ya ɗora babban yatsansa a kumatunta, yana shafawa a hankali, yana zagayawa. Na ji yana cewa, "Tsaya in goge miki, kin yi gumi. Saura kaɗan mu isa." Haka ya yi ta yi yana ba ta labarin hanya, inda gada ta karye, inda za su tsaya su sha ruwa. In ya yi shiru yatsan ba ya tsayawa. Har rana ta ɗaga hannun nan bai sauka ba.

Abin da ya fi ba ni haushin kaina, na daɗe ina ganin hannun nan a ƙirjinsa. Na ɗauka ciwo yake ji. Har likita na kai shi na ce a duba masa zuciya, aka auna aka ce lafiyarta ƙalau. Ashe ni da kai muna ta faɗa a kan sabulu da ruwan zafi, shi kuwa yana zaune yana share wa matarsa gumi.

Na gwada riƙe masa hannun da wasa, na ce Baba kawo in yanke maka farce. Ya ba ni, na gama, hannun ya koma inda ya fito. Na yi wa telan maganar, ya ce zai iya ɗinka wata leda mai haske a kan fuskar, irin ta jakar katin shaida, ana gani ta ciki amma yatsa ba zai taɓa hoton ba. Yanzu idanunta da goshinta suna nan, bakin ne da kumatu suka tafi. In an rufe yau, abin da ya rage zai tsaya.

Ban ce masa e ba, ban ce a'a ba. Kai ma Innarka ce, kuma kai ne mai jiran baƙo. Ba zan yanke wannan ni kaɗai ba.

Yayarka.

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, Dogo ya zo ya tafi ban ba shi komai ba, don ban san abin da zan ce ba.

Na samo irin ledar da telan yake nufi, na ɗinka ta a kan wata riga a shago, na sa a jikina na rufe ido na shafa. Sanyi gare ta, tana ƙara, yatsa yana zamewa. Mutumin da ya gane ba matarsa ba ce don na share mata layin goshi, ba zai yarda da wannan ba. Ko ya yarda ma, ni ban yarda ba.

Na buɗe hoton da kika turo mini a waya na daɗe ina kallo. Duk tsaga ne da dishi-dishi, shi ya sa na cike da abin da nake tsammani, na fito da wata mata daban. Zan ajiye shi haka nan, ba gyara. Abin da zan nuna wa ɗana ke nan, in ce masa ga inda kakarka ta tsaya.

Ki ce wa tela mun gode. A bar Baba ya shafa. Shi ya fara ganin fuskar nan kafin mu, in za ta ƙare gara ta ƙare a hannunsa. Ina rubuta wannan ina kuka, matata tana tsaye a kaina tana cewa in bari sai gobe, amma na san in na bari zan canza magana.

Ki ci gaba da wanke ta a baibai dai, da ruwan sanyi. Ko ba komai rigar kanta ta daɗe masa.

Auta.

Autan Inna,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, da fatan ku ma haka. Ka ce wa matarka ta rage tsayuwa, ta bar maka wankin gidan tunda kai ne gwani.

Fuskar ta tafi, Auta. Idon hagu ne ya yi ta jira, shi ma makon jiya ya bi sauran. Yanzu ga motar, ga Baba, ga ɗankwalin Inna da kafaɗunta, a tsakiya kuma fari fat, har zaren rigar ya fito. Ranar da na juyo ta daga baibai na ga haka, zama na yi a bakin bahon wanki. Tsorona kada ya farka ya duba ya ce an sake sace masa ita.

Ya farka, ya sa, ya sunkuya ya ce, "Fasinja, kin tashi lafiya?" Yatsan ya tafi wurinsa. Ko gezau.

Na kasa haƙuri na matso na ce, "Baba, me kake gani a nan?" Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ya ce, "Ba ki gan ta ba? Ga ta nan tana dariya. Duba, idon hagun ya riga na daman rufewa, haka take in abu ya ba ta dariya da gaske." Auta, wallahi haka take, kuma ni da na fi ka daɗewa da ita na manta. Ya ce ga ɗan tabo a ƙarƙashin haɓarta, ƙofar motarsa ce ta buge ta ranar da ta fara shiga, ta yi masa masifa tun daga tasha har suka isa. Ya ce in za ta zura zare a allura sai ta ciji leɓenta na ƙasa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya taɓa fitowa a hoton nan ko yana sabo.

Tun ranar kullum da safe sai in jawo kujera in tambaye shi, shi kuma ya yi ta faɗa. Na fara rubuta maka su a takarda, sai na ga ba sa fitowa yadda yake faɗarsu, dole sai kana kallon bakinsa da hannunsa.

Ka roƙi maigidanka hutu ka biyo Dogo. Ka zo ka zauna gefensa bayan shayin safe, lokacin ne bakinsa ke buɗewa. Ba sai ya gane ka ba, duk wanda ya zauna ba shi labarinta yake yi. Amma kada ka ce sai an haihu. Jiya ya kai rabin labarin tabon nan ya tsaya, ya yi ta neman sauran bai samu ba, ni na ƙarasa masa.

Yayarka.